Bula a Rigar Mai Hoto

Zuwa ga 'yata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa ki buɗe wannan takarda kina zaune lafiya a Zakirai, ke da jakar da ke kafaɗarki. Allah ya tsare hanya, ya raba ki da direba mai gaggawa, ya kuma sa Gwaggonki Hajiya Ladidi ta tashi da fara'a ranar da za ki isa. Wannan ta ƙarshen ki ce mata amin da ƙarfi.

Za ki yi mamakin samun takarda a aljihun jakar kyamara alhali gida ɗaya muke kwana. Dalilin kin san shi. In na fara yi miki bayani da baki sai murya ta hau, ke kuma ki sunkuyar da kai kina "to Baba, to Baba," in rasa ko kin ji ko jira kike in gaji. Shi ya sa na ɗauko biro na zauna a zaure tun da aka idar da azahar. Wai na zauna! Na tashi na duba batir, na dawo. Na zagaya wajen masu sussukar gero a bayan gida, na isa na manta abin da ya kai ni, na dawo. Innarki ta leƙo ta ce, "Malam, in ƙaiƙayi ne ya shiga rigar, ka cire ta mana." Ba ƙaiƙayi ba ne, Rabi. Tsoro nake ji, kuma ga shi na faɗa.

Bari in maimaita miki inda muke, don kada ki ɗauki tafiyar nan yawon suna. Bara ni na ɗauki hotunan bikin Safiya, 'yar Gwaggonki, kuma na ɓata su. Tun daga nan Yaya Ladidi ba ta ƙara kira na Habu mai hoto ba, sai Habu kawai, kuma duk gidan da ta shiga sai da ta ba da labarin. Yanzu Safiya ta haihu, tana wankan jego a gida, za a yi suna. Da na je barka na roƙe ta, sai ta ce, "Kai dai ka gama. Turo mini Rabi. In hoton ya yi, ta zauna a wurina, ni da ƙafata zan shigar da ita gidajen garin nan ɗaya bayan ɗaya, don mata sun gaji da fitowa ƙofar gida namiji ya ɗauke su. In bai yi ba, ku sayar da abin ku sayi akuya, ita ko madara a sha." Haka ta faɗa a gaban mutane, kuma kin san ta, ba ta sake magana. Ko dai sana'ar nan ta bi ki ta shiga cikin gida inda ni ban taɓa kai ta ba, ko kuma ta ƙare a kaina.

Abin da ke hana ni zama shi ne ranar sunan ba zan iya taimakonki da komai ba. Gidan yayata ne, na sani, amma da an raɗa suna da safe maza sun watse, tsakar gida ta zama ta matan mutane, ba shiga. Ke kaɗai ce a ciki da wannan kyamara mai taurin kai. Don haka ga abin da ta yi mini, ki karanta a tsanake.

Tsohuwar tawa kin tashi kin gan ta. Mai nauyi, mai madubi a ciki, in na danna sai ta ce ƙas, kowa ya san an ɗauka. Na san halinta har ba na duba maɓalli, yatsa ne ke zuwa da kansa. Ranar da ta zame mini ta faɗa cikin hanyar ruwa a Watari, ina ɗaukar wani mai albasa a gonarsa, wallahi sai da na zauna a kan kunya na riƙe kai. Ɗanjuma mai gyara a birni ya buɗe ta ya ce babu labari. Shi ya ba ni shawarar in koma irin ta zamani marar madubi, ta wani kamfani daban. Na karɓa ina murna don ba ta da nauyi. Ashe na ɗauko wadda ba ta jin yarena ne.

Wautata ta farko, na ƙi rabuwa da gilashin bakin tsohuwar kyamarar. Na ce gilashin da ya ɗauki rabin mutanen ƙasar Ɗanbatta ba zai kwanta a akwati ba. Na samo wani zoben haɗi na ɗaura shi a bakin sabuwar. Ya hau kam, amma yana ɗan motsi kamar haƙorin da ya kusa fita. In na saita mutum sai gilashin ya yi gaba ya yi baya yana nema, kafin ya tsaya mai murmushi ya gaji ya rufe baki. Wanda ma ya fita, gefe ɗaya tar, ɗaya gefen dishi-dishi. Na daɗe ina zagin kyamarar kafin in yarda laifin zoben ne. Na san kin ga inda na ajiye shi, kuma na san kina son tsohon gilashin don yana jawo nesa. In ma kin ɗauko shi, bar shi a jaka. Ƙaramin nan da ya zo tare da ita shi ne nata, da shi suke fahimtar juna. In abu ya yi miki nisa, ƙafa gare ki, ki matsa.

Sai kuma wayon da aka zuba mata. Wai tana gane fuska da kanta, ta kama ido. Madalla, amma idon wa? Na je ɗaukar Alhaji Tanko mai raguna a gaban shagonsa, ya sha babbar riga ya gyara zama, ita kuwa ta tsallake shi ta kama fuskar wani ɗan takara da ke liƙe a bango bayansa. Da aka wanko hoton, ɗan takara ya fito garau har ana ƙirga haƙoransa, Alhaji Tanko kuwa kamar an shafa masa man shanu a fuska. Ya duba ya ce, "Malam Habu, ni na kira ka ko shi?" To ki yi tunanin tsakar gida cike da mata, kowacce na turo fuska, yara na gilmawa. Za ta kama wadda ta fi kusa, ko wadda ta fi fari, ta bar miki mai jego. Na kashe wannan wayon, na bar miki ɗan akwati guda da zai fito a tsakiyar hoton. Ki ɗora shi a kan idon wadda kike nufi, ki danna maɓallin rabi, ki jira ya koma kore, sannan ki ƙarasa. In wata mai iyayi ta ce ai a wayarta ba a yin haka, ki ce mata to, ki ci gaba da abinki.

Ɗakin mai jego shi ne inda za ki sha wuya. Kin san ɗakunan, taga ɗaya 'yar ƙarama, ita ma an toshe ta da tsumma don kada iska ta taɓa jariri. A irin wannan duhun kyamara takan jinkirta ƙiftawa don ta tara haske, kuma a wannan ɗan jinkirin ko numfashi kika yi sai ya fito a hoto. Tsohuwar tana yafe mini rawar hannu, nauyinta ma kaɗai yana danne shi. Wannan ba ta yafiya, komai ƙanƙantar motsi sai ta tona. Na ɗauki wani tsoho a zaurensa, na duba a allon bayan kyamarar na ga lafiya lau, sai da aka faɗaɗa hoton na ga gemunsa ya zama biyu. Saboda haka ki ƙara saurin ƙiftawa, ki ƙara mata jin haske, ko da hoton zai fito da ɗan yashi-yashi. Yashi ba ya damun kowa, amma ba wanda zai rataye fuska biyu a bango. Ki manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ki jingina da dokin ƙofa. Ki roƙi Safiya ta matso bakin ƙofa da jaririn, ki yi mata magana a hankali, yayarki ce kuma a gajiye take. Filasha kuwa kada ki kuskura ki haska a idon ɗan mutane, Gwaggonki za ta kore ki kafin ki ɗauki na biyu.

Dakata, na je na dawo. Na tuna ban ga murfin gilashi ba, ashe yana aljihuna.

Yanzu ga babbar, wadda ta ja mana duk wannan. Kin ga hotunan bikin, amma ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki yadda aka yi ba.

Tun da na fara aiki da ita na lura duk wanda na ɗauka a gindin darbejiya sai fuskarsa ta fito da ruwan ganye. Mu kuwa ina muke da wurin hoto in ba gindin darbejiya ba? Hasken da ke ratso ganyen ne take kwasowa, ita ba ta san fatarmu ba kore ba ce. Na kira Ɗanjuma a waya, ya ce, "Baba Habu, abu mai sauƙi. Kafin ka fara, ka nuna mata wani abu fari a wurin, ka danna mata cewa wannan shi ne fari. Sauran launuka duk daga nan za ta auna su." Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan.

Ranar bikin na sa farar rigata, wadda Innarki ta wanke ta goge. Mata suka fito ƙofar gida gindin bishiya, dangin amarya a dama, dangin ango a hagu. Namu sun yi ankon atamfa shunayya, wadda Yaya Ladidi ta shiga kasuwar birni ta fita har ƙafarta ta kumbura kafin ta samo, don kada ta yi kama da ta kowa. Dangin ango kuma nasu ruwan hanta. Na waiga ina neman fari, sai na ce ina wani fari da ya wuce na jikina? Na ɗaga hannun riga na nuna mata, na danna. Na yi ta ɗauka ina jin kaina, har ina ce wa mata su gyara ɗaurin kallabi. Na leƙa allon baya, rana ta haske shi ban ga komai sosai ba, na ce ai Ɗanjuma ya gama magana.

Da aka wanko, inna lillahi! Fuskoki duk sun yi rawaya kamar masu shawara. Shunayyar nan ta bar shunayya ta koma ja mai duhu, ta je ta haɗe da ruwan hantar dangin ango. In kin duba hoton taron ba za ki iya cewa ga namu ga nasu ba. Yaya Ladidi ta baza su a tabarma ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Habu, ina dangina?" Na ce ga su nan, Yaya. Ta ce, "A'a. Ni dai na ga dangin ango sun cika hoto, har da wata mai kama da ni a cikinsu. Yarinya ta tafi gidan miji, in ta buɗe hoton bikinta ba za ta ga ko mutum ɗaya nata ba." Wannan maganar ta fi zagi ciwo, don gaskiya ce. Na koma wurin masu wankin hoto na yi musu faɗa, suka nuna mini a na'urarsu cewa haka na kawo shi. Suka tambaye ni ko na ajiye ɗanyen hoton, wato wanda kyamara ba ta riga ta dafa launinsa ba, wanda ake iya gyarawa daga baya. Ni ko sanin akwai shi ban yi ba.

Na yi ta juya abin a raina har damina ta wuce. Na zargi gilashi, na zargi katin ajiyar hotuna, na zargi Ɗanjuma, har na fara cewa ko hannu aka sa mini. Rannan ina zaune ina ba Innarki labarin a karo na ban san nawa ba, tana shanya, na zo daidai inda na nuna wa kyamara hannun rigata. Sai ta tsaya da zane a hannu ta ce, "Wace rigar? Farar?" Na ce ita. Ta ce, "Yo Malam, rigar da nake tsoma maka a bula duk wanki?" Ta shiga ta ɗauko ta, ta ɗora farar takarda a kai. Rabi, rigar shuɗiya ce! Shekara da shekaru ina sa ta ina cewa fara, kowa na yaba haskenta, ashe bular ce ke sa idonmu ganin haka. Ni na nuna wa kyamara shuɗi na rantse mata fari ne, ita kuma ta yarda da ni, ta bi duk hoton tana zare shuɗi. In an zare wa shunayya shuɗinta me ya rage in ba ja ba? Innarki ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ni ban yi ba, sai da aka kwana biyu.

To ki ji. A aljihun gaba na sa miki farin kwali a cikin leda. Shi kaɗai za ki nuna mata. Kada ki nuna mata hijabinki, kada ki nuna mata mayafin kowa, ko zanen jariri, duk gidajenmu babu farin da bai sha bula ba. Kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba. Tsakar gida haskenta daban, ƙarƙashin rumfar tamfol daban, in tamfol ɗin shuɗi ne ma ki roƙi matan su fito daga ciki. Ɗakin mai jego da ƙwan sola shi ma daban. Duk inda kika sauya wuri ki fito da kwalin, ko da za su yi miki dariya su ce 'yar Habu ta zo da allo. Na kuma saita ta tana ajiye ɗanyen hoto tare da dafaffen, kada ki taɓa wannan, ko da kin ga kati na saurin cika. Akwai wani katin a cikin ledar.

Na ji an ce wannan karon ma an yi anko, kuma Gwaggonki da gangan ta sake zaɓar shunayya. Kin ji mace! Da kin ɗauki na farko, ki shiga inuwa, ki kara allon kusa da zanen jikinta, ki duba da idonki ko launin ɗaya ne. In bai yi ba ki sake, kada kunya ta hana ki. Ni kunyar in tsayar da mata in ce a dakata ita ta sa na wuce ban duba ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi nake ta zagayewa tun azahar.

Na lura ba kya kara idonki a 'yar tagar leƙe. Kullum a allon baya kike dubawa, kin miƙe hannu kamar mai ɗauka da waya. Na yi miki faɗa a kan haka ba sau ɗaya ba, kika ce "to Baba," kika ci gaba. Sai kwanan nan na gane dalili. Akwai ɗan ƙaramin abin murɗawa a gefen tagar, wanda ake daidaita ta da idon mai ɗauka. Tun da na sayi kyamarar nake murɗa shi kaɗan kaɗan, duk lokacin da na ga abu ya fara yi mini dishi-dishi sai in ƙara, ina cewa kyamarar zamani ce ba ta da kirki. Kafin azumin da ya wuce na kai shi ƙarshe. Na ƙara murɗawa ya ƙi tafiya. Ba kyamarar ba ce, Rabi, idona ne. Likita ya ce yanar ido ce ta fara, za a duba yiwuwar aiki in ta nuna. Innarki ta sani, na hana ta faɗa miki.

Ke kuwa kin leƙa tagar kin ga komai a dagule, kin san saitin idona ne, kika ƙi taɓawa don kada in ɗauka in ga an sauya in ji wani iri. Kika gwammace in yi ta yi miki faɗa. Na gane, kuma Allah ya yi miki albarka. Amma a tsakar gidan Gwaggonki da rana tsaka allon baya ba zai nuna miki komai ba, abin da ya cuce ni ke nan a bikin. Dole sai ta tagar nan za ki ga ko idon jaririn ya fito, ko shunayya ta tsaya a shunayyarta.

Na so in mayar miki da shi tsakiya da hannuna, na ɗauko kyamarar har sau biyu ina ajiyewa. Ba zan iya sanin daidai idonki ba, ke ce za ki yi. Kafin ki shiga cikin mata, ki tsaya a zaure, ki kara ido, ki murɗa shi a hankali har rubutun da ke ciki ya fito miki tar. A nan za ki bar shi.

Ranar suna zan zo da safe tare da maza, in ci goro in yi addu'a. Bayan nan ina gindin darbejiyar ƙofar gida, inda na yi ɓarnar bara. Kada ki aiko a tambaye ni komai, don in aka aiko zan ruɗe in ruɗa ki. In kin ji ana guɗa ki ci gaba da aikinki, ni ma ina jin ta daga waje.

Ki gaida Gwaggonki, ki durƙusa sosai. Ki yi wa Safiya barka, ki ce kawunta na nan da kunyarsa. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci kafin a fara taro don hannun mai yunwa rawa yake yi. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a ɗaki da tsakar gida, ya ba ki farin jini a wurin matan Zakirai, ya raya abin da aka haifa. In Allah ya sa kin zo ganin gida, ki zo da kyamarar in taɓa ta, amma kada ki mayar mini da abin murɗawar nan inda kika same shi. Ki bar shi a idonki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu mai hoto